Kwalekwalen Baba a Ruwan Tsakiya

Da Auta ya sauko bakin kogi da hantsi, turken yana nan a kafe, guntun igiya yana reto a jikinsa, amma kwalekwalen Baba babu shi babu dalilinsa.

Ya tuɓe riga ya shiga. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, ya nutsa ya laluba da hannu da ƙafa daidai inda ya bar jirgin shekaranjiya. Laka kawai ya damƙo. Ya taso ya shaƙi iska, ya sake komawa, har sau huɗu. Sannan ya fito ya zauna a kan gaɓa yana ɗigar ruwa, yana jujjuya guntun igiyar nan. Ba yanka ta aka yi ba. Gogawa ta yi ta yi a jikin turken har ta tsinke.

Shi da kansa ya nutsar da jirgin, kuma da gangan, don haka ake yi. Kwalekwalen ya shekara shida a kife bayan ɗaki, tun da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani ya daina fito da mutane. Katakon ya bushe ya tsattsage, har kana iya hango rana ta cikinsa. Maganinsa a ɗora masa duwatsu a nutsar da shi kwana biyu, ya sha ruwa ya kumbura, tsagogin su haɗe bakinsu.

Gobe da safe mota za ta zo. Yaya, babbar 'yar Baba, ta fara ɗaure kaya tun jiya, za ta tafi da shi gidanta a birni, bene hawa na uku, inda ƙarar ruwan da zai riƙa ji sai ta famfo. Baba bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa: kafin a tafi, a tsallaka da shi hayin can a cikin jirginsa, ba na wani ba. Auta ne ya yi caraf ya ce a bar masa wannan. Yaya ta kalle shi ta gefen ido ta ce, “Kai da ko shayi ba ka taɓa shanyewa ba?”

Ba ƙarya ta yi ba. Ya bar makaranta a aji biyu na sakandare. Ya bi Baba fito shekara guda ya gudu. Ya taɓa gyaran waya, ya taɓa tuƙin babur, yanzu walda yake yi a birni, ita ma ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Wannan karon dai ya so a ce ga abu ɗaya da ya kai ƙarshensa.

Yana nan zaune sai ga Dogo ya kawo jirginsa gaɓa. Masunci ne, tare suka tashi, tare aka sha zane su a kan wanka a wuri mai zurfi.

“Mai walda, wanka ake da wando?”

“Jirgin Baba ya tafi.”

Dogo ya dubi turken, ya dubi igiyar, ya daina murmushi. “Tsoho ya sani?”

“Bai sani ba.”

“To hau.”

A nan kogin yake buɗe baki ya shiga babban tafki, kuma a wannan lokaci na shekara iska daga tafkin take busowa. Igiyoyin ruwa na ta turowa sama, suna bi ta gabansu ɗaya bayan ɗaya, da ganye da ledoji a bayansu. Auta ya ce ai ga hanya nan a fili, duk abin da ya kuɓuce sama zai yi. Suka yi sama. Dogo na tuƙi, Auta na jan ƙugiya a ɗaure da doguwar igiya. Suka kamo tsohuwar taya, suka kamo reshen itace, suka kamo rabin kujerar roba. Da rana ta take, Dogo ya ce wannan shirme ne, kogi dai tafki yake zuwa tun kafin a haifi kakanninsu, abin da ya nutse ƙasa zai yi. Suka juyo suka yi ƙasa, har inda gaɓa biyu suka ɓace ruwa ya zama shimfiɗa guda. Nan ma babu.

A hanyar dawowa Auta ya naɗe igiyar ƙugiyar. Suka wuce ta gaban tsohuwar tashar fito, inda yanzu ciyawa ta cinye matakala tun da aka gina gada can sama. A da, da safe irin haka, wurin cike yake: masu keke, mata da kwanduna, malamin makarantar nan da kullum yake riƙe takalmansa a hannu yana karanto addu'a har a kai hayi. Inna, Allah ya ji ƙanta, tana wanki a kan faffaɗan dutse, tana ɗaga kai duk sanda jirgin ya taso ta ƙirga kawunan da ke ciki, sai ta ga nasa sannan ta koma kan wankinta. Shi kuma yana zaune a hancin jirgi, ƙafa a cikin ruwa. Ya tuna wata rana Baba ya jefa ɓawon lemo ya ce masa ya zuba ido. Igiyar ruwa ta zo ta ɗaga ɓawon ta yi gaba da shi kaɗan, ta sauke shi ta dawo da shi baya, ta wuce abinta ta bar shi kusan inda yake. Baba ya fara yi masa bayani, amma a lokacin wani jirgi mai inji ya wuce, hankalin Auta ya bi shi. Har yau bai san ƙarshen maganar ba.

“Sai dai ka gaya masa,” in ji Dogo. “Ko mu sa shi a nawa mu ce nasa ne. Ai ba gani yake ba.”

“Da ya taka zai gane.”

“Haka ne. Tsohon nan ko tarin jirginsa ya sani.”

Auta ya tarar da Baba a ɗaki, zaune a kan katifar da ita kaɗai ce ba a naɗe ba. Bango duk tabon inda aka cire abubuwa: inda agogo yake, inda madubin Inna yake. Yaya na durƙushe tana cusa tukwane a buhu. Auta ya tsuguna a bakin ƙofa.

“Warin laka nake ji,” Baba ya ce. “An tayar da shi?”

“Baba, igiya ta tsinke. Tun safe muke nema ni da Dogo. Mun yi sama, mun yi ƙasa.”

Yaya ta ajiye murfin tukunya a hankali. Da faɗa ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Baba ya daɗe yana shafa gwiwarsa. “Jirgin da ya zauna a ƙasa ba ya cin igiya. Duwatsu nawa ka sa masa?”

“Huɗu. Yadda muke yi.”

“Yadda muke yi?”

“Na tuna sarai. Huɗu nake ɗaukowa daga bayan matakala, ka jera su, mu tura shi.”

Sai kafaɗun Baba suka fara rawa. Dariya ce, ta fito a hankali har ta zama tari, Yaya ta miƙo masa ruwa.

“Huɗun nan naka ne, Auta. Don kada ka yi kuka ka ce ba a sa ka aiki ba. Kafin uwarka ta tashe ka na riga na sa manya guda biyar a ƙarƙashin benci.” Ya goge ido da bakin riga. “Tara yake ci. Da huɗu ba zai taso ba, ba kuma zai zauna ba. Ya yi ta lilo a tsakiya har ya cinye igiyar.”

“Shekara ashirin yana tsammani shi ke nutsar da jirgi,” Yaya ta ce wa buhun tukwane.

“Bar shi. Ina gwangwanin nan nawa mai zare? Ki samo min kwalba kuma, ƙarama.”

“Baba, na ɗaure komai.”

“Kwance.”

Ta kwance, tana mita ƙasa-ƙasa. A ƙunshin kaya na uku aka sami gwangwanin, a cikinsa wani tsohon zaren kamun kifi, an yi masa ƙulli kamu-kamu, wato tsawon gwiwar hannu zuwa yatsa. Kwalba kuwa sai ta maganin tarinsa aka juye a kofi.

Su uku suka gangara, Baba a tsakiya, hannunsa a kafaɗar Auta. Dogo ya riƙe jirgi aka shigar da shi. Yaya ta ce ita a gaɓa za ta tsaya, wani ya kamata ya rage da zai ba da labari.

Baba ya sa aka zuba yashi a kwalbar har rabi, aka toshe, ya ɗaura ta a bakin zaren. Ya ce a matsa gaban turken kaɗan a saki anga. Da jirgi ya tsaya, ya kamo hannun Auta ya ɗora zaren a kan yatsarsa, ya rufe da nasa hannun.

“Saki ƙulli ɗaya. Me ka ji?”

“Tana ja sama. Tana fizga, tana saki.”

“Fizgar nan igiyar ruwa ce. In ta zo, ruwan da ke ƙarƙashinta ya tashi ya yi gaba, in ta wuce ya sauka ya dawo. Zagaye yake yi, kamar mai tuƙa tuwo a tukunya. Amma ba ya dawowa daidai inda ya tashi, kullum sai ya ci gaba kaɗan. Ga iska kuma na tura shi. Shi ya sa na sama yake hawa. Saki har shida.”

Auta ya saki. Zaren ya yi sanyi a hannunsa, ya karkata, ya miƙe ta ɗaya gefen.

“Yanzu tafki take ja. Ba fizga.”

“Wannan shi ne kogin. Yana can ƙasa yana tafiyarsa, bai san ana iska ba. Zagayen nan yana ƙanƙancewa in kana sauka, kafin ka kai can ya mutu. Kai ka bi na sama, Dogo ya bi na ƙasa, kowa da gaskiyarsa. To jawo. A hankali. Tsaya a uku.”

A ƙulli na uku zaren ya saki jiki. Auta ya zaci kwalbar ta kwance. Sai ya ji ta: ta ɗan ja gaba, ta ɗan yi sama, ta dawo, ta sauka, ta sake. Zaren yana zana ƙaramin da'ira a fuskar ruwa, bai nufi ko'ina ba.

“Ba ta tafiya,” ya ce.

“Ina za ta? Na sama na ja nan, na ƙasa na ja can. Na tsakiya sai ya yi ta juyi a wuri ɗaya. Ruwan ƙasa kuma ya fi sanyi, ya fi nauyi, katakon da bai gama nutsewa ba sai ya kwanta a kansa kamar a kan gado. Mutum nawa na tsamo a nan, danginsu na can bakin tafki suna nema.” Ya juyo da fuska wajen Auta. “Na taɓa fara gaya maka.”

“Na tuna, Baba.”

“Ba ka tuna ba. Jirgi mai inji ka bi da ido.”

Dogo ya kawar da kai yana dariya. “Ni shekara ashirin ina su a nan, ban taɓa jin wannan ba.”

“Kai kifi kake nema, shi kuwa yana da ƙafarsa. Mai fito ne ke neman abin da ya faɗi.”

Baba ya ce juyin ma ba ya rasa ɗan gusawa, sai a ga ta ina. Ya sa aka tsinke zaren a ƙulli na uku, aka ɗaura ɗan guntun soso na silifa a sama don ya yi iyo, aka saki daidai gaban turken. Aka janye anga, suka zauna suna kallo.

Wannan zama shi ya fi wa Auta wuya a duk ranar. Guntun soson ya hau igiyar ruwa ya sauka, ya hau ya sauka. Ganye ya zo ya wuce shi. Leda ta zo ta wuce shi. Rana ta karkata, inuwar turken ta yi tsawo. Ƙafar Auta ta fara kaɗawa da kanta, ya ce ko su fara jan ƙugiya ta wajen ciyawa kafin nan.

“Zauna,” in ji Baba.

“Lokaci na tafiya.”

“Na sani. Nawa ne ke tafiya ai. Zauna ka gaya min inda yake.”

Ya zauna. Ya sa ido a kan soson, ya daidaita shi da wani dutse a gaɓa. Can ya lura ya bar saitin dutsen. Ba sama ya yi ba, ba ƙasa ba. Gefe yake gusawa, taku ɗaya, taku biyu, wajen tsohuwar tashar fito.

“Matakala yake nufa, Baba.”

“Ya kai taku nawa?”

“Kamar biyar.”

Baba ya motsa leɓe yana lissafi. “In da daddare ta tsinke, yana gaban matakala, bai kai jifa ɗaya daga gaɓa ba. Ku rage igiyar ƙugiyar. Ku kuna ta sharar ƙasa, kuna bi ta ƙarƙashinsa.”

Sau biyu suka bi ta gaban matakalar ba komai. A na uku igiya ta yi nauyi a hannun Auta, nauyi mai rai, mai ɗan lilo. Bai jira ba, ya faɗa ruwa ya bi igiyar da hannu. Ruwa mai ɗumi, sannan mai sanyi a ƙafafunsa, sannan tafinsa ya sauka a kan bakin katako mai santsi da ya sani tun yana ɗan shekara biyar. Jirgin na rataye a cikin ruwan kore, yana kaɗawa a hankali. Tun safe suke wucewa ta kansa.

Ya fitar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana tasowa shan iska tsakani. Da na ƙarshe ya fita, kwalekwalen ya taso da kansa, baƙi wuluk, ruwa na kwarara ta gefensa. Suka ja shi gaɓa, suka karkata shi, suka kwarfe sauran. Baba ya tsuguna ya bi tsagogin da yatsa, tun daga hanci har gindi.

“Biyu sun rufe. Wannan ta ukun da saura.” Ya yage bakin tsohon rawanin da ke wuyansa ya cusa da tsinke. “Zai kai mu, in akwai mai kwarfa.”

Duk suka juya suka dubi Yaya.

“Kada ma ku fara,” ta ce. “Zanen nan sabo ne.”

Ita ta zauna a tsakiya da rabin jarka a hannu. Auta ya nufi baya zai ɗauki filafili, Baba ya ce wa ya ba shi wurin nan, ya wuce hanci. Dogo ya tura su, ya biyo su a nasa daga nesa, kamar ba tsaronsu yake ba.

Baba ya tsoma filafili. Bugun farko filafilin ya kauce masa, na biyu ma. Daga na goma jikinsa ya tuna. Bai tambayi kowa hanya ba. Iska a kumatunsa na hagu, yana karkata hancin jirgin kaɗan yana yanka igiyoyin a gicciye. Ruwa na tsattsafowa ta tsaga ta uku, Yaya na kwarfa tana cewa ita da ta san haka za a yi da ta turo mijinta. Can tsakiya ta daina magana. Auta ya waiwaya ya ga tana kallon Baba, jarkar a cinyarta, ruwa ya rufe mata idon sawu.

“Yaya, kwarfa.”

“Ina yi. Kalli gabanka.”

Sau uku Baba ya tsaya ya huta, filafili a kan gwiwa, yana numfashi da baki. Sau uku Auta ya buɗe baki zai ce a ba shi, ya rufe. Rana ta yi ja a kan tafki lokacin da hancin jirgin ya shiga ciyawar hayi ya daki wani abu mai tauri. Auta ya buɗa ciyawar. Matakalar wancan gefen ce, ta farko, ta tsage amma tana nan.

Suka fito da shi. Ya tsaya a kan matakalar, ƙafa ba takalmi, ƙirjinsa na hawa da sauka.

“Ɗari biyar da sittin,” ya ce.

“Na me, Baba?”

“Bugu. A da ɗari uku da ashirin nake yi, da mutum goma a ciki da kekuna.” Ya murza kafaɗarsa. “Ko dai kogin ne ya ƙara faɗi?”

“Kogin ne,” in ji Yaya, tana matse bakin zanenta. “Kowa na faɗa.”

“Maƙaryaciya.” Ya lalubi matakala ta biyu ya zauna, ya miƙa wa Auta filafilin. “Bari in huta tukuna. Komawa kai za ka tuƙa, ni zan zauna a hanci in ji yadda ake ji.”